Tsugunne

Ranar da aka sauke shi daga mota a Mai Wurno
yara suka kewaye shi suna ihu:
"Tashi tsaye mana!"
Alhali a tsaye yake.
Ƙafafun nan huɗu, ko ka jera su,
ba su kai rabin sandar kiwona ba.
Tun daga nan suna ya bi shi: Tsugunne.

Likita Awadiyya ce ta kawo shi daga Khartum,
ita za ta ƙetare iyaka, shi ba shi da takarda.
Ta miƙo mini igiya da burushi,
ta ce, "Baba Tanimu, kakanninsa makiyaya ne."
Na dubi kare, na dubi bijimina Goje,
na haɗiye dariya don kunyar baƙuwa.

Kwana tara bayan nan, a bakin Nilu,
Goje ya nufi lambun tumatirin mutane.
Na yi kira, na yi jifa, ko waiwaye.
Sai ga abin nan ya tsinke igiya,
ciki na sharar ƙasa, kunnuwa tsaye kamar na yanyawa,
ya ɗan ciji agara.
Goje ya kai harbi,
shi kuwa ya lafe, kofato ya wuce ta bisa kansa,
ya sha iska.
Ya sake ciza. Bijimi ya juyo gida.
Ashe gajartar nan sulke ce.

Amma rigarsa ta ƙasar sanyi ce,
biyu ce ma, wata a ƙarƙashin wata.
Rana na take tsaka sai harshe ya zubo har ƙasa.
Shi ya sa ba ya bin mu kiwon azahar.
Na haƙa masa ɗan gurbi a gindin randa
inda ɗigon ruwa ke sanyaya yashi,
can yake miƙe ƙafafun baya
kamar kwaɗon da ya gaji da damina.

Da la'asar in taje shi.
Gashin da ke fita ya isa cika matashi,
tsuntsayen da ke bisa aduwa duk sun yi shimfiɗa da shi.
In buɗe kunne in nemi kaska,
in duba tsakanin yatsu ko ƙarangiya ta maƙale.

Kwaɗayi ne aibinsa.
Asabe na tuyar kisra, yana zaune yana mata idon maraya,
ita kuma zuciyarta ba ta da ƙyaure.
Na ce, mace, dubi bayan nan,
doguwar gada ce a kan gajerun ginshiƙai,
in tumbi ya yi nauyi, tsakiya za ta karye.
Ko daga amalanke ba na barinsa ya diro,
ɗaukarsa nake, hannu biyu, kamar tulun aro.

Ba shanu kaɗai yake korawa ba.
Kaji, agwagi, jikokina in sun watsu,
duk sai ya tattara su a kusurwa ɗaya.
Ya taɓa kama dunduniyar Mudi,
ban ɗaga sanda ba,
"bari" ɗaya da kakkausar murya ta wadatar.
Haushinsa kuwa, tambari ne a cikin ƙoƙo.

Liman ya ce karen kiwo ba laifi.
Kwanonsa daban, makwancinsa a waje,
ni da alwalata, shi da aikinsa.

Sai dai da magariba, in garke ya cika,
yakan kwanta yana fuskantar hanyar Sinnar.
Kowace mota ta gifta, kunne ya miƙe,
ta wuce, kunne ya kwanta.

Ba na hana shi.
Kakana ma da ƙafa ya baro Haɗeja, Makka ya nufa,
ya ce bari ya ɗan tsuguna a nan
kafin guzuri ya taru.
Ga mu har yau.