Mai Riƙe da Makullin Zaure

Ni na buɗe zauren, ƙarfe biyar na yamma,
ni Ozella Pettway, shekara talatin da ɗaya ina sharar makarantar nan.
Na jera kujerun ƙarfe ɗari biyu a filin ƙwallon kwando,
na goge teburi, na aza kofi biyu,
ɗaya na Dalton Meeks, ɗaya na Verna Tolliver.
Famfo ɗaya ne. Ni na ɗebo.

Jama'a suka shigo, ba wanda ya raba su,
suka rabu da kansu kamar mai da ruwa,
farare wajen taga, mu wajen ƙofa.
An daɗe da cire allunan da ke nuna wa kowa matsayinsa,
ƙafa ce ba ta mance hanya ba.

Meeks ya miƙe, ya gyara wuyan riga,
ya ce waɗanda suka kafa ƙasar nan sun gama magana,
sun ce kowa daidai da kowa aka halicce shi,
to tone-tonen na mene ne?
Doka makauniya ce, in ji shi, ba ta ganin fata,
mai sosa miki shi ke hana shi warkewa.
Aka tafa wajen taga.

Verna ta ɗaga takardar nan dai.
Ta ce hannun da ya rubuta daidai
shi ya rubuta farashin bayi a littafin gona,
da tawadar da ta rage a kwalba.
Ta ce alkawari bashi ne,
ba a biyansa da rataye shi a bango.
Aka tafa wajen ƙofa.

Ina tsaye, jingine da sandar goge ƙasa,
ina kallon takarda ɗaya ana ja
kamar gajeren bargo a daren sanyi,
duk wanda ya rufe kai, ƙafar wani ta fito.

Babana Cleophus ya sa kwat ɗinsa na coci wata Talata,
ya taka mil tara a jar ƙasar Alabama har kotu.
Magatakarda ya tura masa kwalbar wake,
ya ce, faɗi ƙwaya nawa ne, sai in rubuta sunanka.
Ya dawo bayan magariba, takalmi a hannu.
Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake cin wake ba.
Amma layin nan ya haddace shi,
yana maimaita mana a baranda
kamar mai karanta takardar filin da aka ƙwace masa.
"Ba da mu suke ba," yakan ce,
"sai dai sun ce kowa, kuma na ji.
Magana zarar bunu ce, Zella."

Na rubuta tawa tambayar a kati:
don me aka ɗauke rumfar zaɓenmu daga cocin unguwa
aka kai hayin kogi, inda bas ba ta zuwa?
Mai gabatarwa ya juya katin,
ya dubi agogo,
ya gode wa kowa da kowa.

Meeks ya ba ni hannu a bakin ƙofa, hannunsa da ɗumi,
ya kira ni Odessa.
Verna ta rungume ni, idonta na kan masu kyamara.
Dukansu sun bar takardunsu a teburi,
ɗaya gindin kofi ya yi mata zobe
daidai kan kalmar da suka wuni suna ja.
Na shanya ta a bayan kujera.
Na goge daga taga zuwa ƙofa,
laka ce dai, ja, ta manne a kowane sawu,
sai da na canja ruwa sau uku.

Jikata Lenora ta ce za ta ari mota ranar Talata.
Kwat ɗin Baba na nan, asu ya ɗan ci aljihu,
zan naɗe hannun sau biyu.
Na kashe fitilu, na murɗa makulli.
A gida na jiƙa wake, kwano guda,
ban ƙirga ba.