Jan Ido a Dutsen To-Ashu

Mun bar Bishkek da assalatu, mu bakwai,
ni Jirgalbek a sitiyari, buhun gari biyu a but,
tsohuwa Burulkan a gaba cikin mayafin ulu,
jikarta Akmaral a baya, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Kafin in ta da mota sai da muka sha daru.
Ta ce bel yana danne mata numfashi,
shekara sittin tana hawan doki, ba wanda ya ɗaure ta.
Na ce, "Iya, doki yana da ido, wannan makauniya ce."
Ƙararrawar kujera na ta kuka kamar tsakon da ya ɓace wa uwa,
har ta gaji, ta ja ɗamarar, ƙwas,
kowa ya huta.

Mahaifina ya bi hanyar nan shekara ashirin da shida.
Shi in fitila ta kama a allon gabansa
sai ya yanko baƙin salatif ya rufe mata baki.
"Mota," in ji shi, "maƙwabciya ce mai yawan ƙorafi."
Na gaji motar, na gaji hularsa da tarinsa na safe,
har guntun salatif ɗin, yana nan dama da agogon mai.

Muka hau, muka hau, kunne ya toshe.
Muka kutsa cikin dutse, hayaƙi da duhu,
muka ɓullo ɗaya gefen, duniya fari fat.
Can ƙasa kwarin Susamir kamar zanen da aka shanya,
tsakaninmu da shi lanƙwasa ba adadi,
kowacce da bakinta a buɗe.

Sai yarinya ta leƙo ta tsakanin kujeru:
"Kawu, wa ke kallonka da jan ido?"
Ashe sanyi ya ɗaga gefen salatif.
Ƙarƙashinsa da'ira ja wur, alamar motsin rai a tsakiya.
Tun yaushe take kira? Allah masani.

Na taka birki, ya nutse kamar ƙullun burodi.
Na sake, na sake, ya ɗan tuna da ni.
Giya ta uku, ta biyu, inji na gurnani,
taya ta so sulɓewa a kan ƙanƙara,
feda ta hau rawa a tafin ƙafata,
tana kamawa tana saki, tana kamawa tana saki,
da saurin da ƙafar ɗan Adam ba ta iyawa.
Muka tsaya daf da rumfar da ake sayar da nonon goɗiya
lokacin da ciyawa ta fito. Yau ba kowa, sai hankaka.

Mai jakar takardu ya duba agogo, ya ja tsaki,
wai yana da shari'a a Toktogul ƙarfe biyu.
Na durƙusa na nuna masa bayan taya:
man birki a kan farar ƙasa, ɗis, ɗis.
Bai ƙara cewa uffan ba.
Ashana huɗu ya karya kafin tabarsa ta kama.

Awa uku muna jiran Satibaldi bakanike.
Burulkan ta kwance ƙullinta,
ta raba mana gurasa da dunƙulen cuku mai gishiri.
Mota na tsaye, amma ban ga ta taɓa bel ɗin ba.

Da ya gama ɗaure tiyo, ya goge hannu a wando,
Satibaldi ya sa farce ya ɓamɓare salatif,
ya manna mini a tsakar goshi.
"Ga naka. In kai ya yi ciwo, ka ce ba ka ji ba."

La'asar sakaliya muka gangara kamar masu dakon ƙwai.
Allo shiru, ba ja, ba ruwan ɗorawa.
Akmaral ta yi barci, kumatunta bisa ɗamara.
Ni kuwa duk lanƙwasa sai na saci kallon gurbin idon nan
da ɗan danƙon da ya rage kewaye da shi,
daidai inda babban yatsan mahaifina ya danna.