Tsarabar Iya Kuluwa

Daga Malumfashi na taso da asuba,
takardar shaida zan karɓo a Kongo in juyo.
Iya Kuluwa ta riƙe min hannun riga:
"In ka je, ka ƙullo min Zariya."

Shekara hamsin rabonta da Ƙofar Kuyambana.
Na ce, abu mai sauƙi, Iya,
ai gari yanzu a aljihu yake kwana.
Na ɗaga mata waya.

Ƙarfe sha ɗaya na gama da ofis,
na hau bayan Tanimu ɗan acaɓa,
hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a sama.
Na ɗauki Ƙofar Doka ban ko kalle ta ba,
na ɗauki ragowar ganuwa da awakin gindinta.
Masu ɗinkin aska takwas a bakin zaure
suka ce maraba, na ce su ɗan matsa,
haske bai kama allurar ba.
Haka na wuce su, ba kunya.

Bayan azahar muna hawan Kufena,
dutse ya ɗau zafi kamar tanda,
ina haki, ina neman inda gari zai fito duka.
Saura taki goma gilashin ya yi baƙi.
Caji ya ƙare.
Tanimu ya zauna yana dariya.

"To, yanzu sai ka duba," in ji shi.
Na duba.
Rufin kwano na ƙyalli kamar kifi a koma,
gonakin rake sun bi fadama sun ɓace,
shaho biyu na shawagi ƙasa da ƙafata,
iska ta shiga rigata ta fita.
Ashe tun safe ban numfasa ba.
Ido ya gani, ya miƙa wa zuciya.

A Tudun Wada na bar wayar gun mai caji.
Asabe mai fate ta zubo min na tsaki,
yakuwa da gauta, man ja na yawo a kai.
"Ba a shansa da gaggawa, baƙo,
bi gefe-gefe, tsakiya na ƙuna."
Na ƙona harshe, na ƙara kwano.
Ta ce, "Yanzu ka iso Zariya."

Can wani dattijo ya jingina da kanti,
gurmi a cinya, tsirkiya biyu,
ba biki, ba roƙo, shi da yatsunsa.
Mai faci ya ajiye guduma.
Na ruga na ciro wayar, kashi tara cikin ɗari,
na ce, "Baba, in ɗauka?" Ya gyaɗa kai.
Hannuna na rawa, hoton ya karkace:
rabin hula, ƙafar kaza, tayar keke.
Minti biyu ta sake mutuwa.
Ni kuwa na zauna har aka kira magariba,
ban nemi agogo ba ko sau ɗaya.

Da dare na baje wa Iya ganuwa da ƙofofi.
Ta kai wayar dab da hanci, ta ture:
"Yana ta ci idon, ɗan nan, inuwa nake gani."
Sai na kunna karkataccen.
Ta ɗaga hannu. "Tsaya. Mayar baya."

Ba gurmin ba. A bayansa, can nesa,
wata na lugude tana ƙwala wa 'yarta kira
da irin jan harshen da Iya ta baro a can.
Sau bakwai muka mayar.
Na kwance mazarƙwailar da Asabe ta cusa min a jaka,
ta sansana, ta ɓantara, ta sa a baki,
ta daɗe tana tsotsa, ba murya.

Sannan ta ce, "Dutsen fa, ka hau?"
Na ce na hau, amma ban ɗauka ba.
Ta gyara zama, ta jawo tabarma:
"To matso kusa, ba ni da bakinka.
Wannan ba ya cikin waya."