Shafi Uku, Safe da Dare

Talata ce ranar awo.
Mun jeru a benci, mu matan bariki,
kowa da goyonta, kowa da katinta,
fanka na juyi, iska ba ta sauko ba.
Can filin fareti bigila na kuka,
Jafaru na amsa mata daga bayana.

Sista Rifkatu ta ɗora shi a sikeli.
"Kilo takwas. Ina uban?"
Na ce, "Yana gabas, wata bakwai ke nan."
Ba ta ce sannu ba,
ta san sannu ta yi mana yawa a gidan nan.
Ta yi allura, ta murza cinya,
ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur,
ta miƙo littafi mai shafi da kauri,
akuya a bango, ƙafarta kan turmi.

Na ce, "Sista, yaron da ko haƙori bai yi ba?"
Ta ce, "Kunne ya riga haƙori fitowa."
Ta rubuta a kati, ƙarƙashin maganin zazzaɓi:
shafi uku, safe da dare.

Na sunkuyar da kai.
A aji huɗu karatuna ya tsaya,
baƙaƙen nan suna yi mini kallon baƙuwa.
Ta gane, ta rage murya:
"Nuna masa akuyar, ki yi masa kukanta.
Harafi ba ya gudun mai nemansa."

Daren farko ya cinye kusurwar shafi,
yawu ya jiƙa agwagwa har wuya.
Na yi kukan akuya, ya ƙyalƙyale,
Maman Chidi ta leƙo ta taga:
"Wa ya shigo da dabba layinmu?"
Kashegari ta zo da nata biyun,
muka baje tabarma a baranda,
jirgi na sauka ta saman kwano,
muna jira ya wuce mu ci gaba.

Da Kofur Tanimu ya zo hutun kwana goma,
ɗansa ya ɓuya a bayan zanena.
Bai ce komai ba. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.
Da magariba ya cire takalmin sojan,
ya zauna a ƙasa, ya buɗe akuya.
Yaro ya matso, taku ɗaya, taku biyu,
ba don uban ba tukuna, don turmin.
Shafi na uku ya same shi a cinya.

Ranar komawa ya bi ta asibiti,
ya tsaya a layi tsakanin masu goyo,
ya roƙi Sista guda irin namu.
Ya soke shi a aljihun ƙirji,
inda yake ajiye hotonmu.

Yanzu in sabis ya yarda,
yakan hau tudu ya kira mu.
Shi ya buɗe can, mu buɗe nan,
murya na tsinkewa tana ɗinkewa.
Wani dare ya ce, "Akuya ta hau..."
sai layi ya mutu.
Na riƙe wayar, zuciyata na daka,
ban san ko sabis ba ne, ko wani abu.
Jafaru ya ɗora yatsa a shafi,
ya ce, "Tummi."
Ya dube ni, wai in juya.
Na juya.

Da asuba wayar ta yi ƙara:
batir ne ya ƙare masa.

Jiya takarda ta zo daga ofis,
za a ɗaga mu zuwa wani barikin.
Ban kai wa kowa ya karanta mini ba.
Na zauna bakin ƙofa, adaidaita na wucewa,
na bi ta harafi harafi da yatsa,
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
har na fito da sunan garin.

Tukwane sun shiga buhu, katifa ta naɗu.
Littafin, da kusurwarsa cinyayya,
yana leda ɗaya da katin rigakafi.
Talata zan je in yi wa Sista sallama,
in tambaye ta ko akwai na gaba da akuya.