Sojan Takardar Siminti

A gindin adakar Baba Nomau,
ƙarƙashin hular soja da asu ya cinye,
na tarar da su ɗaure da igiyar kaba:
'yan littattafan yaƙi masu zane,
takardunsu sun yi ja kamar haƙorin mai cin goro.

Jirgi na faɗowa da wutsiyar hayaƙi,
Bature mai faɗin haɓa ya wage baki,
maganarsa a cikin wani ƙwai bisa kansa.
Wanda ya zana shi bai sa suna ba.
Ko a wane ɗaki mai sanyi ya zauna,
ya san yadda yatsa ke kwanciya a kunamar bindiga,
amma bai taɓa ganin Nomau ba.

Shafi sittin, ba baƙar fuska ko ɗaya.
Baba ya ce, "Akwatin harsashin nan
a kanmu ya ratsa dajin Bama.
Duba gefen hoton.
Can muke tsaye, inda takarda ta ƙare."

Sai Ilu mai fentin gingimari,
wanda ke zana zaki da dabino a bayan motocin Ringim,
ya yanko takardar buhun siminti,
ya fere kara, ya dama tawada da ƙaro,
ya zauna a zaurenmu bayan kasuwa ta watse.
Baba na faɗi, shi yana ja.

"Rage mini ƙirjin nan, ban kai haka ba.
Sa ruwan sama.
Ƙara.
Sa matsattsaku a ƙwauri.
Sa Barau ɗan Gumel yana dariya,
daga wannan shafi ba za ka sake zana shi ba."

Ilu ya so wuta da rugugi,
jarumi na tsalle da wuƙa a baki.
Baba ya dafe takardar:
"A nan tsoro na ji. Zana tsoro."
Ilu ya daɗe yana kallon bakin alƙalami,
sannan ya bar gidan fari fat,
ya wuce na gaba.

Yau duk sun kwanta dama.
Gara ta ci jirgin, ta ci haɓar Bature,
ta fara lasar ruwan saman Ilu.

Ɗazu ɗana ya sa yatsa a farin gidan nan,
ya ce, "Nan an manta ba a zana ba."
Na ce ya je ya wanke hannu tukuna,
tuwo na hucewa.