Sallama Tara Daga Rigasa

A Barnawa, saman shagon Lantana mai ɗinki,
na kafa manhajar nema wa majinyata jini.
Duk wanda ya latsa wayarsa, sallama ya yi a ƙofarmu,
ni kuwa na sa a rubuta kowace sallama:
ƙarfe nawa, daga ina, an amsa ko an ƙi.
Sunaye nake tsincewa kamar tsakuwa a shinkafa,
saura in tura gajimare.

Inna ta ce, "Tanimu, gajimaren nan naku
ya taɓa zubo ko yayyafi?"
Na ce ɗaki ne mai sanyi can bayan teku,
injuna na riƙe mana abin da za mu manta.
Ta ce, "Rumbunka a gonar wani ke nan."
Ban musa ba.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Janareton maƙwabci na ta tari,
na buɗe rajista da guntun cajin da ya rage.
Biyu da minti sha uku, daga Rigasa: an ƙi.
Biyu da sha huɗu: an ƙi.
An ƙi, an ƙi,
har sau tara,
sai shiru.

Jajayen layuka tara, ba suna, ba fuska,
amma na ji nauyin babban yatsan nan a ƙirjina.
Haihuwa ce ta zo da gardama?
Ɗan acaɓa ne mota ta kwashe a hanyar tashar jirgi?
Rajista ba ta ɗaukar kuka,
lokaci kawai ta sani.

Na bi sawu layi-layi, ashe ɓarawon a gida yake.
Ƙugiyar "ɗ" ce, a sunan mai nema,
ta maƙale wa injin a maƙogwaro.
Harafin da na sha tare da nono
shi na manta ban koya masa ba.

Kafin ladan ya gyara murya, na gyara.

Biyar da rabi, daga Rigasa: an karɓa.
Layi ɗaya, kore shar.
Shi ne ya dawo, ko wani ne dabam?
Jinin ya riski mai shi, ko ya tarar ana wanke tabarma?

A ƙasa Lantana ta ɗaga ƙofar shago,
kekenta ya fara magana.
Koren layin ya haura gajimare
ya kwanta kusa da 'yan'uwansa tara.
Ni dai ban share su ba.