Alaben Farko

Ranar Laraba, da na ajiye bas ɗin ƙarshe a gareji,
na hau wani bene a bayan kasuwar Walsall,
ɗaki mai warin gam da shayin da ya huce.
Mu bakwai a teburi, duk 'yan koyo.
Mista Hollis, yatsunsa kamar saiwar rogo,
ya tsufa yana ɗinkin sirdi a garin nan.
Ya shimfiɗa mini fata, faɗin tafi biyu,
ya ce kada in ɗauki wuƙa sai na shinshina.

Na shinshina.
Sai ga Sakkwato ta shigo ba sallama:
bagaruwa a kasko, jan karan dafi,
zauren kakana Ɗan'inna,
inda mu mata sai dai mu kai ruwa mu juya.
Ƙeyarsa na sani, da tarinsa,
ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa ba.

Duk da haka na ɗaga kai na ce,
"Ni fa jikar baduku ce."
Hollis ya gyaɗa kai, ya miƙo basilla.
Basilla ba ta san kakana ba.

Rula ta zame, wuƙa ta bi son ranta,
gefen dama ya ɗara na hagu da ƙwayar shinkafa.
Na huda ramuka, na ƙirga, na sake ƙirgawa,
talatin da ɗaya a gaba, talatin a baya.
An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
To ga ni nan, da gilashina a hanci,
ina rarrafe.

Allura biyu, zare ɗaya,
su haɗu a rami ɗaya su wuce juna,
kamar ni da bas mai lamba tara a siririn titi,
kowa ya riƙe hannunsa.
Wannan kam na gane.
Amma ta hagu ta nemi babban yatsana ta samu.
Maureen, da ke ɗinka wa karenta abin wuya,
ta zaro filasta daga jaka ba ta ko ɗago ba.
Ɗigon jinin yana nan ta ciki,
inda ba mai gani sai wanda ya buɗe.

Sau uku na warware.
A na ukun na zagi zaren da Hausa,
Hollis ya ce ya fahimta.

Laraba huɗu, ruwa bai ɗauke ba ko sau ɗaya.
Aljihun kati ya matse, ya ƙi karɓar komai.
Tsohon ya jiƙa shi, ya cusa tsohon katinsa na asibiti,
ya ce in bar su su kwana tare.
Da safe fata ta sauko.
Na goge baki da kakin zuma da guntun itace
har ya yi sheƙi, har kafaɗata ta yi tsami.

Don Nafi'u na yi, zai fara aiki ran Litinin.
Ya juya shi, ya duba ɗinkin da ya karkace
kamar sawun yaro a jiƙaƙƙen siminti,
ya ce, "Umma, ya yi kyau,
amma wa ke yawo da kuɗi yanzu?"
Ya daga wayarsa, ya yi dariya, ya fita.
Alabe ya kwana a kan firiji.

Na ɗauke abina.
Na sa lasisin tuƙi, da fam biyar,
da tsohuwar naira ashirin da ban san dalilin ajiye ta ba.
Yana aljihun rigar aikina, yana koyon siffar jikina,
ya fara duhu a inda nake kamawa.

Jiya da daddare ina jiƙa ƙafa a ruwan zafi
sai ga shi a bakin ƙofa, yana sosa ƙeya.
"Umma, ina walat ɗina?"
Na ce alabe ake cewa.
Na ce kuma ya jira,
na sayo wata fatar, fam goma sha biyu,
Laraba ba nisa.